Wa Ke Ɗaukar Nauyin Mai Taɓin Hankali? Daga Gandu Zuwa Inshora a Ƙasar Rano



Abin da na yi niyyar dubawa a wannan lacca shi ne tarihin wani nauyi wanda kusan kowace zuriya a ƙasar Hausa ta taɓa ɗauka, amma ba ta son a ambace shi a bainar jama'a, watau nauyin jinyar mai taɓin hankali. Fagena nazarin harshe da al'ada ne, saboda haka bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki na bar wa likitoci. Tambayata ta tarihi ce, kuma ta dukiya: idan hankalin mutum ya gushe, wa ke ciyar da shi, wa ke tsaronsa, wa ke biyan kuɗin magani? Zan tsaya a kudancin Jihar Kano, ƙasar Rano, in riƙa auna kowace magana da garin Tarai na Ƙaramar Hukumar Kibiya. Dalili kuwa shi ne, duk abin da aka tsara a Legas ko Abuja ko cikin birnin Kano, ba a sanin ingancinsa sai an kai shi gari irin Tarai an ga ko zai tsaya da ƙafafunsa.

Bari mu fara da kalmomi, domin a nan Bahaushe ya ajiye ra'ayinsa. Kalmar hauka kalma ce mai kaushi, ba a faɗa wa dangin mara lafiya ita a gaban idonsu. Sai a sakaya, a ce wane ya taɓu, ko kansa ba daidai ba, ko kuwa a taƙaita a ce ba shi da lafiya, kowa ya gane. Wanda firgita ko mummunan labari ya gigita, a ce ya zautu. Wanda aka haifa da ƙarancin wayo, wannan dolo ne ko gaɓo, ba a lissafa shi cikin mahaukata. Farfaɗiya tana da sunanta daban, ko da yake a wurin neman magani sau da yawa hanyarsu ɗaya. Damuwa da baƙin ciki da yawan tunani, waɗanda likitocin zamani ke ɗauka cututtuka ne masu magani idan sun yi tsanani, a wurin iyayenmu halin rayuwa ne, maganinsu haƙuri.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne bambancin da ke tsakanin "ya haukace" da "an haukata shi". Ɗaliban nahawu za su lura cewa a jimla ta biyu an shigo da wani mai aikatawa wanda ba a ambata ba. An yi masa sammu, an jefe shi, iska ta buge shi. Akan ɗauka wannan jahilci ne kawai, ni kuwa ina ganin akwai lissafi a ciki. A al'adarmu, kafin a ba da aure akan binciki asali, kuma cikin abubuwan da ake tsoro a zuriya akwai kuturta da hauka, domin ana ganin suna bin jini. Gidan da ya yarda cewa ɗansa ya haukace haka kawai, ya sa auren 'ya'yansa mata cikin haɗari. Idan kuwa kishiya ce ta yi jifa, ko aljanin tsamiya ne ya shafe shi da ya fita da tsakar rana, to jinin gidan ya kuɓuta. Har ila yau, sunan da aka ba ciwon shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa: ta boka, ta malam, ko ta 'yan bori. Zaɓen kalma, ke nan, zaɓen mai magani ne, kuma zaɓen abin da za a kashe.

To, wa ke biya a zamanin da? Amsa ita ce gandu. A ƙauyukan ƙasar Rano, kamar sauran ƙasar Kano, uba da 'ya'yansa maza, wani lokaci har da ƙannensa, sukan yi noma tare a gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, mai gida ya biya wa kowa haraji, ya yi wa samari auren fari. Baturiyar nan Polly Hill ta yi cikakken bayanin wannan tsari a littafinta na 1972 kan Batagarawa, da na 1977 kan Dorayi a gefen Kano. Abin lura a nan shi ne, gandu ba ya korar wanda ya kasa riƙe fartanya. Idan ɗaya daga cikin 'ya'ya ya taɓu, tuwonsa na nan, kuma akwai ƙarti da za su riƙe shi ran da ya tashi da faɗa, akwai mata da yawa da za su karɓa wa juna dafa masa da wanke masa. Nauyi ne, amma an raba shi a kan kawuna goma ko ashirin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, kuma a wannan babi sun yi gaskiya. Ga kuma gayya idan noman gidan ya yi baya saboda jinya, ga gudunmawar surukai da maƙwabta, wadda kowa ya san bashi ce da za a rama wata rana.

Masu maganin su ma sun san aljihun mutanensu. Malam yakan karɓi kafin alƙalami, sauran sai an ga biyan bukata. Boka yakan karɓi kaza ko akuya ko damin dawa, ya jira kaka. Girka ta 'yan bori ita ce mai tsada, domin akwai makaɗa da dabbobin yanka da kwanaki ana hidima, kuma wanda aka yi wa ita ya shiga ƙungiya ke nan har ƙarshen ransa. Masana da dama sun rubuta a kan wannan: Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga littafinsa a 1946, da Fremont Besmer a 1983, da Farfesa Murray Last, wanda ya daɗe yana nazarin cuta da magani a wajen Malumfashi. Ba ina yabon bori ba ne, matsayinsa a addini sananne ne. Ina nuna cewa tsarin biyan ya dace da rayuwar manomi, wanda kuɗi ke zuwa hannunsa sau ɗaya a shekara.

Kada kuma mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. A wannan zamanin ne aka san turu, gungumen icen da ake sa ƙafar mahaukaci a ciki, da mari wanda maƙeri ke ƙerawa. An yi duka da sunan korar aljani, an yi hayaƙi mai shaƙe numfashi. Wanda ba shi da dangi kuwa, sai kasuwa da bola da jifan yara. Karin maganar nan da ke cewa hauka ba ta warkewa sai dai rangwame ta fito ne daga abin da mutane suka gani da idonsu, a lokacin da babu maganin da ke kwantar da ciwon.

Shari'ar Musulunci ta ba wannan nauyi tsari. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, majanuni ba mukallafi ba ne, ba a kama shi da laifi kamar mai hankali, cinikinsa da sakinsa ba su ƙulluwa, kuma ana naɗa masa waliyyin da zai tsare dukiyarsa. Hauka tana cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin rabuwa, amma malamai sun ce a jinkirta shekara guda domin neman magani, abin da ke nuna ba su ɗauke ta ciwon da aka yanke wa ƙauna ba. A manyan biranen Musulunci an wuce nan. Asibitin da Ahmad bin Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana karɓar masu taɓin hankali, haka kuma babban asibitin Sarki Ƙalawun na Alƙahira na 1284. Da dukiyar waƙafi ake gudanar da irin waɗannan asibitoci, mara lafiya ba ya biya. Shugabannin jihadin Sakkwato, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sun rubuta littattafai kan magani, amma irin wancan gini bai zama al'ada a garuruwanmu ba. A nan, gida ne asibiti, sadaka da zakka kuwa na wanda ya rasa gida.

Sa'an nan Turawa suka zo. Sun ci Bebeji, maƙwabciyar Rano, a kan hanyarsu, suka shiga Kano a watan Fabrairu 1903. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, da na Yaba a Legas a 1907, ta kafa dokar mahaukata a 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958. Duk wanda ya karanta tarihin waɗannan gidaje, kamar yadda Jonathan Sadowsky ya rubuta shi a 1999, zai ga cewa wuraren tsarewa ne, ba na warkarwa ba. Abin da ya dami Bature shi ne mahaukacin da ke tayar da hankali a titi ko wanda ya yi kisa. A Arewa, irin wannan mutum yakan ƙare ne a gidan yari na En'e, tare da ɓarayi, a ƙarƙashin kulawar dogarai da gandirobobi. An aiko likitoci daga Ingila su duba lamarin, Cunyngham Brown ya fitar da rahoto a 1938, Carothers ya zo a 1955, kowa ya ce a gyara, aka ce babu kuɗi. Ga mutumin Tarai, wanda ke biyan haraji da jangali cikin baitulmalin Kano kowace shekara, wannan zamani bai rage masa komai daga nauyin ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tsoron kada ɗansa ya yi ɓarna a kasuwa hukuma ta tafi da shi, saboda haka sai ya ƙara ɗaure shi a gida.

Abubuwa biyu suka faru a shekarun 1950 waɗanda suka isa su sauya labarin. A 1952 likitoci a Faris suka gano cewa wani magani, wanda daga baya aka sani da sunan Largactil, yana kwantar da haukan da a da sai turu. A 1954 kuma Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, su zo shan magani da safe, su koma cikin mutane da yamma, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta yaba, Lambo ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne abin da kakanninmu suka sani, cewa mai jinya rabin magani ne. A ganina babban rashin da Arewa ta yi shi ne ba ta ɗauki wannan tsari ta shuka shi a gundumomi ba, alhali kuwa ya fi dacewa da mu fiye da kowane dogon gini. Abin da muka samu shi ne asibitoci a manyan birane: Barnawa a Kaduna, Kware kusa da Sakkwato, Maiduguri, sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuma Dawanau, wanda sunansa ya zama abin zolaya a bakin Kanawa, kuma wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓa daga hannun jiha a 'yan shekarun nan.

A daidai lokacin da magani ya samu, sai gandun da zai biya kuɗinsa ya fara watsewa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ja samari zuwa birni. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kawo noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ta kawo aikin lada, ƙasa ta yi daraja, gonaki suka yi ta rarrabuwa wajen gado. Yaro ya ga zai iya neman na kansa ba sai ya jira rumbun uba ba. Wannan ci gaba ne ta wata fuska, ban musa ba. Amma nauyin da kawuna ashirin ke ɗauka ya koma kan biyu ko uku, kuma duk wanda ya leƙa layin masu jiran likita ya san wa ya rage a ƙarshe: tsohuwa ce, uwar mara lafiyan, da ƙullin kuɗi a bakin zane. Daga 1986 kuma tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar naira, magani a asibitin gwamnati ya koma sai an saya. Gaskiya ne a 1991, zamanin Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, an fitar da manufar da ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin karkara. Manufa ce mai kyau, sai dai ta fi zama a takarda.

Mu ɗauki misalin magidanci a Tarai wanda ɗansa ɗan shekara 20 ya fara surutai shi kaɗai, ya daina barci. Idan ya yanke shawarar zuwa Dawanau, sai ya bi ta Kibiya da Rano da Bunkure ya fito Karfi a kan titin Zariya, ya ratsa birnin Kano kaf, ya fita ta hanyar Katsina. Direban haya ba zai yarda ya sa mai fisge-fisge cikin fasinjoji ba, sai an ɗauki shatar mota, sai kuma an tafi da ƙarti biyu. Idan aka kwantar da yaron, ga abinci, ga zirga-zirgar dubiya, ga gonar da aka bari ba a nome ba in damina ce. Wannan duk ba shi ne babban abin ba. Ciwon irin wannan yana bukatar magani na shekaru, ƙwaya kullum ko allura wata-wata, da komawa ganin likita. Iyali sukan sayar da akuya su yi zuwan farko, su sayar da ta biyu su yi na biyu. Da yaron ya natsu, sai a ce ya warke, a daina. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, sai a ce ai dama an faɗa, wannan ba na asibiti ba ne. Maganin bai gaza ba, akuyoyin ne suka ƙare.

Ina da hujjar cewa mutanen karkara ba ƙin asibiti suke yi ba, kuma hujjar daga kan wannan hanya ta fito. A 2004 wasu likitocin Kano, cikinsu har da Farfesa Zubairu Iliyasu, sun buga binciken da suka yi a garin Karfi, inda suka tambayi manya 250 ra'ayinsu. Kashi 34 cikin 100 suka ce shaye-shaye ne babban sanadin taɓin hankali, masu cewa sihiri ko aljanu ne ba su wuce kashi 18 ba. Da aka zo kan magani, kashi 46 suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da makamantanta. Ke nan tun shekaru ashirin da suka wuce, masu son asibiti sun fi yawa a ƙauyen da ke bakin hanyar Rano. Amma binciken da Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya nuna cewa cikin masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka sami wani magani a shekarar ba su kai ɗaya cikin goma ba. Tsakanin so da samu akwai kuɗin mota, akwai kuma ƙarancin likitocin wannan fanni, waɗanda ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200.

Inda hukuma ta bar gurbi, wasu sukan cike shi. Bayan abin da ya faru a ƙarshen 1995, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa ana cewa aljana Sumbuƙa ce, ruƙiyya ta bazu, shagunan maganin Musulunci suka yawaita. Da shaye-shaye ya ƙaru, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari, inda ake haɗa ɗan ƙwaya da kangararre da mai taɓin hankali na ainihi a ɗaki ɗaya. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Aka sake samun irinsa a Daura da Katsina, Gwamnatin Jihar Kano ita ma ta ba da umurnin rufe nata. An yi daidai da aka rufe. Sai dai mutane ƙalilan ne suka tambayi inda waɗanda aka saki suka koma, da abin da iyayen da suka kai su da hannunsu, suna kuma biya, za su yi da su washegari.

Wannan ya kawo mu ga inshora, wadda ita ce amsar zamani ga tambayar da na fara da ita. Hikimarta ba baƙuwa ba ce: masu lafiya da yawa su tara kaɗan-kaɗan, a yi wa wanda ciwo ya kama magani. Gandu ne aka faɗaɗa shi ya wuce dangi. An fara maganarta a majalisa tun 1962, zamanin Ministan Lafiya Dokta Majekodunmi, amma sai a 1999 aka kafa dokar, sai kuma a 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin. Ma'aikatan da ke zaune a nan sun fi ni sanin sharuɗɗansa. An gina shi a kan albashi, kuma yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ku dubi wannan da idon Bahaushe. Wanda ya zana wannan iyali bai taɓa shiga gidan mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar ba. Daɗa ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: manyan cututtukan taɓin hankali sun fi bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, watau daidai lokacin da sunan yaro ya fita daga katin ubansa, shi kuwa bai sami aikin da zai yi nasa ba, kuma ciwon ne zai hana shi samu. A farkon tsarin, kwanciyar asibiti ma kwana 15 aka ƙayyade a shekara. Manomi da ɗan kasuwa da mai dako kuwa ba su da albashin da za a yanka. Shi ya sa bayan shekaru fiye da goma, kiyasin da aka fi ambata shi ne waɗanda shirin ya ɗauka ba su wuce kashi 5 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita.

A Kano akwai ƙarin wata matsala, ta kalma, wadda ta shafi fagena. Kalmar inshora ta zo da warin caca da riba a hancin malamai, domin mutum yana biyan kuɗi a kan abin da bai san zai faru ko ba zai faru ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna, wadda aka gina kan kyauta. Saboda haka da Jihar Kano ta kafa dokarta a 2016, ba ta kira hukumar da sunan inshora ba, aka ce taimakekeniyar lafiya. Wasu sun ɗauka wasa da kalmomi ne. Ni ina ganin fassara ce mai kyau, domin ta mayar da abin cikin gidan gayya da adashi da gudunmawa, inda Bahaushe ya san shi. Amma ita ma da ma'aikatan gwamnati ta fara, saboda su ne ake iya yankar albashinsu.

A 'yan shekarun nan an yi dokoki uku da suka shafi mutumin Tarai kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da biya wa talakawa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. A watan Janairu 2023 ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa, ta ba shi haƙƙin a nemi yardarsa a kan maganinsa. Shekara 65 muka yi da dokar Bature kafin mu sauya ta.

Hana sarƙa a doka abu ne mai sauƙi. Uwar da ke da ɗa ƙaƙƙarfa wanda ya taɓa bin ƙanwarsa da taɓarya, kuma dole ta fita ɗiban ruwa, ba za ta kwance shi don an buga doka a Abuja ba. Za ta kwance shi ran da ya natsu, kuma zai natsu ne idan allurarsa ba ta yanke ba. A nan ne nake ganin aikin ya rage ga waɗanda ke cikin wannan ɗaki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su gane waɗannan cututtuka, su ci gaba da ba da magani a ƙarƙashin kulawar likita, kuma an gwada shi a wasu sassan Nijeriya. Magungunan farko na wannan ciwo tsofaffi ne, suna cikin masu araha. Dole a tsare su, ba shakka, domin ƙwayar nan Exol da ake ba mara lafiya don ta rage masa sanƙarewar jiki ita ce samari suka mayar abin maye. Amma wannan aikin rajista ne da makulli. Likitan Dawanau ya ga mara lafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, ma'aikacin ƙaramin asibitin garinsu ya yi masa allurar wata, asusun masu rauni ya biya, inda bai kai ba Hukumar Zakka da Hubusi, wadda Kano ta kafa tun 2003, ta sayi katin, kamar yadda waƙafi ya riƙe asibitin Alƙahira. Mai unguwa da limami sun san kowane gida da ke da ɗakin da ake kullewa ta waje, su za a tambaya wajen rubuta sunaye, kuma a rubuta a asirce saboda auren 'yan matan gidan.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.